Yadda ake gane mace a wasan waƙa na Beijing tun kafin ta buɗe baki

A wasan kwaikwayo na waƙa na birnin Beijing, wanda Sinawa ke kira jingju, ba a barin ɗan kallo cikin duhu game da macen da ta fito. Daga ɗaga labule zuwa isarta tsakiyar dandamali, wanda ya saba da wasan ya riga ya san ko budurwa ce ko matar aure ko tsohuwa, ko 'yar babban gida ce ko kuyanga, ko mai kamun kai ce ko mai rawar kai, har ma ya san ko doguwar waƙa za ta rera ko faɗa ya kawo ta. Launin rigarta ne ya gaya masa, da tsawon hannun rigar, da adon kanta, da girman takunta, da irin kiɗan da ya rako ta.

'Yan wasan jingju sun kasu gida huɗu: sheng masu fitowa a maza, dan masu fitowa a mata, jing masu fentin fuska da kakkausar murya, sai chou masu ban dariya. Duk wata mace da za a nuna tana ƙarƙashin dan, in ban da tsohuwa ko mummunar da aka sa don raha, wadda masu ban dariya kan ɗauka. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne rabon da ke cikin dan rabon aiki ne kafin ya zama rabon hali. Sana'ar tana tsaye kan abu huɗu, waƙa da magana da motsin jiki da faɗa, kuma kowane irin mace yana da wanda ya fi nauyi a kansa. Shi ya sa tun yaro bai balaga ba malami ke duba muryarsa da tsarin fuskarsa da tsayinsa, ya yanke masa layin da zai bi. A makarantar Fuliancheng ta Beijing, wadda aka kafa a 1904, a lokacin da take aiki shekara bakwai yaro ke yi a hannun malamai, kuma galibi layin da aka ɗora shi a kai shi zai ci abinci da shi har tsufa.

Dalilin da ya sa aikin ya yi tsauri haka yana cikin tarihi. A zamanin daular Yuan, ƙarni na 13 da na 14, mata ne ke hawa dandamali da kansu, kuma sunan irin su Zhu Lianxiu ya kai mana. Amma sarakunan daular Qing sun hana mata wasa a bainar jama'a, har ya zama a lokacin da ƙungiyoyin lardin Anhui suka shiga Beijing a 1790 don bikin cikar sarki Qianlong shekara 80, wanda daga nan ake lissafin asalin jingju, maza ne zalla a cikinsu. Fitaccen ɗan wasan ƙungiyar Sanqing da ta fara isowa, Gao Langting, namiji ne mai fitowa a mace. To namiji mai faɗin muƙamuƙi da manyan hannaye da ƙatuwar ƙafa ba zai dogara da halittarsa ba. Dole ya gina macen gaɓa-gaɓa: ya ƙera mata murya, ya sake wa fuska tsari, ya ɓoye hannu, ya rage taku. Abin da suka ƙera bai tsaya ga kwaikwayon matan titi ba, ya zama fasaha mai dokokinta. Shaidar haka ita ce yau, da mata suka mamaye layin, sai sun zauna sun koyi waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mazan suka koya. Kasancewarsu mata bai ɗauke musu ko darasi ɗaya ba.

Uwar layin ita ce qingyi: matar kirki, mai haƙuri da riƙon amana, yawanci cikin wahala. Rigarta ta asali baƙa ce, doguwa, ba ado sai ɗan layi a bakinta, da farin siket a ƙasa. Idan labarin na matar babban gida ne sai a sa mata riga mai buɗewa ta gaba da aikin zare, ko kayan fada da hular ado idan sarauniya ce, amma ɗabi'ar jikin ba ta canzawa. Ba ta buɗe haƙora in ta yi murmushi, ba ta ɗaga gwiwar hannu sama, ba ta waiwaye da sauri. Takunta gajere ne, diddige ya sauka dab da yatsun ɗaya ƙafar, gwiwoyi a haɗe, ta yadda siket ba zai yi kaɗawa ba. Idan labari ya buƙaci doguwar tafiya sai ta zagaya dandamali da irin wannan taku cikin sauri, jiki daga ƙugu zuwa sama bai motsa ba, kamar ana jan ta a kan ruwa. Masu koyo kan matse wani abu tsakanin gwiwoyi suna zagayen. In ya faɗi, taku ya yi faɗi. Kuskuren da aka fi gani shi ne kafaɗa ta riƙa hawa da sauka, kuma asalinsa ɗaya ne: mai wasan yana turo jiki da yatsun ƙafa maimakon ya mirgina tafin daga diddige zuwa gaba.

A bakin hannun rigar ana ɗinka farin siliki mai tsawon kimanin rabin mita, wasu wasannin ma ya fi haka. Wannan shi ne shuixiu, kuma rabin maganar qingyi da shi take yi. Ta kai shi kusa da ido ba tare da ya taɓa fuska ba, kuka ke nan. Ta ɗaga shi tsakaninta da wanda suke tare, to abin da za ta faɗa zancen zuci ne, shi bai ji ba. Ta watsa shi gefe da ƙarfi, ta yi fushi ko ta kori mutum. Ta sake shi ƙasa ta girgiza, sau da yawa alama ce ga makaɗa cewa waƙa na tafe. Mayar da shi kan wuyan hannu ma aiki ne: da ɗan bugu kamar uku ake so ya naɗe kansa tsaf, yatsu su leƙo. Wanda ya yi amfani da ƙarfin kafaɗa maimakon wuyan hannu, silikin zai cukurkuɗe, ya tsaya yana fama da shi alhali kiɗa ya wuce. Cheng Yanqiu, wanda ya fi kowa suna a wannan fanni, ya tattara motsin hannun riga zuwa tushe goma, sauran duk haɗe-haɗensu ne.

Sai murya. Qingyi na waƙa da abin da 'yan sana'ar ke kira ƙaramar murya, siririya mai fita ta sama, ba muryar magana ta yau da kullum ba. Numfashi daga ƙasan ciki yake tasowa, baki ba ya buɗewa sosai, kuma gaɓa ɗaya ta kalma ana iya jan ta ta ratsa bugu da yawa. Ana raba gaɓar uku, kai da ciki da wutsiya, kuma idan aka yi sakaci da wutsiyar sai kalmar ta narke, 'yan kallo su ji daɗin amo amma su rasa abin da aka ce. Karin waƙa manya biyu ne, xipi mai kaifi da zafi, da erhuang mai nauyi da natsuwa, ga kuma juyayyen erhuang da ake ajiye wa makoki da tsananin baƙin ciki. Gogen jinghu mai tsirkiya biyu shi ke bin muryar, amma ƙararsa tana da tsini, shi ya sa a shekarun 1920 makaɗan Mei Lanfang, shahararren ɗan wasa mai fitowa a mace, suka ƙara masa wani goge mai taushin murya, jing'erhu, don ya cika wa muryar mace ƙasa. Ga yara maza akwai wani shinge da ba a iya kauce masa: fashewar murya lokacin balaga. Wanda aka matsa wa waƙa a wannan tsakani yana iya rasa muryar har abada. Cheng Yanqiu kansa muryarsa ta fito daga wannan mataki da duhu da ƙaranci, sai ya gina salonsa a kan hakan, waƙa mai shiga ciki, mai yankewa kamar za ta mutu sannan ta dawo.

Misalin da ya fi nuna qingyi shi ne Wang Baochuan a wasan Wujiapo. 'Yar firaminista ce da ta zaɓi talaka, Xue Pinggui, ta bar gidan ubanta, ya tafi yaƙi, ta zauna shekara 18 a kogo tana jiransa. Ya dawo ya same ta tana tsinkar ganyen daji, bai bayyana kansa ba, ya ce shi abokin mijinta ne, wai mijin ya sayar masa da ita saboda bashi, har ya miƙa mata azurfa don ya gwada ta. A nan waƙar ke ɗaukar zafi, suna musayar baiti cikin sauri, ita tana mayar masa da martani ba tare da ta ɗaga hannu sama da ƙirji ba, har ta watsa masa ƙasa a ido ta gudu. Shi kuwa mai gwajin ya riga ya auri gimbiya a ƙasar da ya zauna. Rashin adalcin a fili yake, kuma bai kamata a rufe shi da kyan waƙa ba. Amma a lura da abin da tsarin ya yi: macen da aka ɗaure wa jiki fiye da kowa ita aka ba waƙa mafi tsawo da mafi wuya. Duk abin da aka hana gaɓoɓinta faɗa, an tura shi cikin maƙogwaro.

Kafin a wuce zuwa sauran, ya kamata a tsaya kan fuska, domin kusan duk matasan mata na dandamalin hanya ɗaya ake bi a shirya su, kuma aikin kan ci awa guda ko fiye. Ana fara shafa farin fenti mai ɗan ja a duk fuskar. Sai a sa ja mai ƙarfi a kewayen ido da gefen hanci, a riƙa sassauta shi zuwa kumatu har ya ɓace, ba tare da an ga inda ya tsaya ba. A bi da hoda don ya zauna, a zana ido da gira da baƙi, a ja wutsiyarsu sama, a sa jan-baki. Daga nan sai ɗaurin kai: ana ɗora wani dogon ƙyalle a goshi, a ja fatar gefen ido sama da shi, a zagaya ƙeya a ɗaure tam. Shi ke ɗaga ido da gira ya ba fuskar kaifi. Nan ne wahalar take. In ya yi tsauri, jini ba ya gudu yadda ya kamata, sai jiri da tashin zuciya, sababbin shiga har amai suke yi. In ya yi sako-sako, ido ya faɗo, kuma adon kai na iya zamewa a tsakiyar wasa, abin da ake ɗauka babban abin kunya ga mai wasan da mai yi masa shiri.

Bayan ɗauri sai manna gashi, wato pianzi. Gashin mutum ne na gaske da aka tsara tsiri-tsiri, ana jiƙa shi a ruwan da aka tsima sassaƙen wani itace, ruwan ya yi yauƙi kamar na kuɓewa, a taje shi har ya kwanta. Ƙanana guda bakwai ake lanƙwasawa a jera a goshi, ɗaya a tsakiya, uku-uku a gefe. Manya biyu kuma a manna su daga gefen kunne zuwa kumatu. Waɗannan biyun su ne sirrin: mai faɗin fuska a matso masa da su gaba, fuskar ta rame, mai siririyar fuska a ja su baya, ta cika. Da haka ƙaton namiji ke samun fuska mai siffar ƙwai. Idan yauƙin ya yi ruwa, gumi na zuwa gashin zai ɗago. Idan ya yi kauri, ya bushe ya yi fari-fari. Sai a ɗora raga da tulin gashi a ƙeya, a rufe da jiƙaƙƙen baƙin yadi mai shara-shara, wanda ke ƙara matsewa yayin da yake bushewa, shi ya sa gwanin shiri ke barin ɗan sarari tun farko. A ƙarshe a soka kayan ado, su ma da ma'anarsu: shuɗi mai sheƙi, wanda a da ake yi da gashin wani tsuntsu mai kamun kifi, yanzu kuma galibi da siliki ko rinannen gashin wasu tsuntsaye, na matan manya ne; duwatsu masu walƙiya na 'yan mata; ƙananan ƙwallayen azurfa marasa ado na matalauciya ko mai takaba. 'Yan sana'ar suna da magana a kan wannan, cewa gara a sa yagaggen kaya da a sa wanda ba na wurin ba. Ana danganta gyaran wannan salon gashi ga Wei Changsheng, ɗan wasa daga Sichuan da ya girgiza Beijing a 1779.

Huadan kishiyar qingyi ce ta kowace fuska. Ita ce kuyanga mai wayo, 'yar talakawa mai fara'a, wani lokaci mace mai ido a waje. Gajeriyar riga take sawa da wando ko siket, launi mai haske, yawanci ba dogon hannun siliki, sai hankici ko mafici. Hannunta a waje yake, don haka dole yatsu su iya aiki: babban yatsa ya kusanci na tsakiya, sauran su bazu a lanƙwashe. Waƙarta kaɗan ce, ƙarfinta magana da ido. Kuma harshen ma daban ne. Qingyi na magana da yunbai, wani tsohon lafazi mai ja da rausaya wanda ba a yin sa a kasuwa, ita kuwa huadan da jingbai take yi, Sinancin titunan Beijing, mai sauri da gatse. Ma'ana, da jin lafazi an san matsayi. Masu sana'ar kan ce nauyin magana ya ninka na waƙa nesa ba kusa ba, domin a waƙa goge na tallafa maka, a magana kuwa kai kaɗai ne.

Wanda ke son ganin aikin huadan tsantsa ya nemi wasan Shi Yuzhuo, labarin Sun Yujiao da awarwaro. Dandamali ba komai sai kujera. Yarinyar ta buɗe ƙofar da babu ita, ta tsallake dokin ƙofa, ta saki kaji, ta watsa musu tsaba daga gaban rigarta, ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido ta murza, ta ƙirga kajin ta ga ɗaya ta ɓace ta nemo ta. Ta zauna ɗinki: ta zaɓi zare, ta ja shi, ta murza a tafin hannu, ta lashi bakinsa, ta auna kafar allura, ta kuskure, ta sake, ta ciji ragowar ta tofar. Babu kaza, babu zare, babu allura. Abin da ke sa a gan su shi ne idonta ba ya barin inda abin yake, kuma tazarar hannayenta ba ta canzawa. Da zarar ido ya riga hannu barin wurin, ko zaren da aka ja kamu biyu ya koma kamu ɗaya, abin ya rushe. Kowane motsi kuma yana kan bugun ƙaramar ganga da ƙaramin kuge, ba a gaba ba, ba a baya ba. Daga baya saurayi Fu Peng ya yar da awarwaro a ƙofarta da gangan, ta yi ta kai-kawo tsakanin so da kunya kafin ta ɗauka. Tsohuwa Liu mai dalilin aure, da ta laɓe tana kallo, ta fito ta kwaikwayi duk abin da yarinyar ta yi. Wannan tsohuwar ita ce caidan, macen raha, kuma sau da yawa namiji mai ban dariya ne ke yin ta da muryarsa ta gaske.

Akwai wani abu da huadan ta daɗe tana ɗauke da shi wanda yau ba a cika gani ba: qiao, takalmin katako da ke kwaikwayon ɗaurarriyar ƙafar matan Sin na da. Mai wasan kan tsaya a kan yatsunsa, a ɗaure tafin ƙafar a jikin katakon kusan a miƙe, wando ya rufe, sai ɗan ƙaramin takalmi mai kimanin santimita 10 ke leƙowa. A haka zai yi tafiya, ya yi gudu, wani ma ya yi faɗa. Mei Lanfang ya ba da labarin yadda ake sa shi tsayawa da qiao a kan bulo da aka ɗora bisa benci har sandar turare ta ƙone, da yin atisaye a kan ƙanƙara da hunturu. An daina amfani da shi a farkon shekarun 1950 saboda abin da yake wakilta, ko da yake wasu sun farfaɗo da shi daga baya a 'yan wasanni. Hujjar masu kewarsa ita ce shi ke ba jiki wani rangaji da ba a samu da takalmi shimfiɗaɗɗe. Gaskiya ne, amma rangajin na naƙasar da aka yi wa miliyoyin mata ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a kawar da kai daga gare shi.

Tsakanin qingyi da huadan akwai guimendan, budurwar babban gida da ba ta fita. Tana da kamun kan qingyi amma da ɗanyen jini. A jingju ba ta da fili sosai, gidanta na gaskiya shi ne kunqu, tsohon salon yankin Suzhou mai tafiya da sarewa, inda Du Liniang ta wasan Mudan Ting, wanda Tang Xianzu ya kammala a 1598, ke waƙa da rawa a lokaci guda, kuyangarta Chunxiang na biye da ita.

Mata masu faɗa iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su alhali aikinsu ya bambanta. Daomadan janar ce a kan doki. Tana sa sulken yadi mai nauyin aikin zare, da tutoci huɗu masu kusurwa uku a ɗaure a baya, da dogayen gashin jelar tsuntsu biyu a hula waɗanda kan wuce mita ɗaya da rabi. Bulala mai tuntaye a hannunta ita ce dokin: ta karɓe ta, ta hau, ta miƙa ta, ta sauka. Mu Guiying da Fan Lihua su ne sanannun misalai. Ana so ta yi faɗa da mashi ko doguwar adda, ta tsaya cak a kan bugu, sannan ta rera waƙa numfashinta bai yanke ba, kuma duk da haka ta kasance da kwarjinin shugaba. Tutocin nan da igiya ake ɗaure su ta ƙirji da kafaɗa, suna rage numfashi. In an juya da kafaɗa maimakon ƙugu, sai su karkace ko su sarƙe da gashin hula. Gwana kan juya ta tsaya, jiki ya daskare, tutocin su ɗan yi rawa su tsaya tare.

Wudan kuwa gajerun kaya take sawa, waƙarta ba yawa, aikinta tsalle da alkafura da sauri. Sau da yawa aljana ce ko macijiya ko jarumar daji, kamar farar macijiya da ta je satar ganyen magani don ceton mijinta. Abin da ya fi fito da ita shi ne chushou: tana tsakiya, maza huɗu ko fiye sun kewaye ta suna jefo mata masu, tana mayar musu da ƙafa, ta gaba, ta baya, ta gefe, wani da sandar mashin da ke hannunta. Ido yana kanta, amma rabin nasarar na hannun masu jifa. Dole mashin ya zo a kwance, a tsayin da aka saba, a kan bugu, kuma ta tare shi a tsakiyarsa inda nauyi ya daidaita. Ta same shi kusa da baki, sai ya wuntsila ya nufi wani wuri. Shi ya sa wudan ba ta son canza abokan aiki, kuma shekarunta a dandamali ba su kai na mai waƙa ba, gwiwa da ƙugu ke fara gajiya.

Laodan, tsohuwa, ita kaɗai ce a cikin dan ke waƙa da babbar murya, wato muryar gaske. Ba a manna mata gashi a kumatu, kwalliyarta kaɗan ce, furfura da ɗaurin kai, tufafi masu launin ƙasa-ƙasa. Ƙafafunta a ɗan buɗe, baya a ɗan sunkuye, sanda a hannu: ta mai mulki doguwa ce mai kan dodo, irin ta She Taijun uwar gidan Yang, wadda a wasan Yangmen Nüjiang ta jagoranci matan gidanta zuwa yaƙi tana da shekara 100. Wuyar layin a murya take. Tana kusa da ta dattijon namiji, don haka in ba a kula ba sai tsohuwar ta koma tsoho. In kuma aka sirantar da ita da yawa, tsufan ya tafi. Gong Yunfu, wanda ya fara da fitowa a dattijo kafin ya koma wannan layi, shi ya saka kwalliyar waƙar qingyi a cikin babbar murya, ya mayar da tsohuwa wadda za a sayi tikiti dominta.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 katangar da ke tsakanin waɗannan layuka tana da tsayi. Ana yi wa qingyi ta wancan lokaci shaidar cewa dafe ciki kawai take yi ta tsaya tana waƙa, huadan kuma ta iya wasa amma ba murya. Wang Yaoqing, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1954, shi ya rushe katangar, ya haɗa waƙar qingyi da wasan huadan da faɗan daomadan a jiki ɗaya, abin da aka sa wa suna huashan. Mutum huɗun da suka zama manyan dan na ƙarni na 20 duk sun sha daga gare shi: Mei Lanfang, Cheng Yanqiu, Shang Xiaoyun mai ƙarfin murya da zafin motsi, da Xun Huisheng wanda ya ɗaga 'yan mata da kuyangi irin su Hongniang zuwa tsakiyar wasa. A zamaninsu ne mai fitowa a mace ya karɓe jagorancin ƙungiya daga mai fitowa a dattijo.

Wasan Guifei Zuijiu ya nuna abin da haɗin ya haifar. Yang Guifei, ƙwarƙwarar sarkin daular Tang, ta shirya liyafa tana jiran sarki, sai aka ce ya tafi wurin wata. Ba ta da ikon yin fushi a fili, sai ta sha giya. Kofin farko ta kare fuska da mafici ta kurɓa a hankali. Na biyu ta sha da sauri. Daga baya ta ciji kofin da haƙora, ta gantsare baya har ya ƙare, sannan ta sauke shi a faranti ba ta taɓa da hannu ba. Akwai inda take murɗa jiki ta sauka ƙasa a hankali don shinshinar fure, cikin kaya masu nauyi, ta kuma tashi ba dafawa. A da wasan huadan ne, ana yin sa da qiao, cike da alamun batsa. Mei Lanfang ya cire wannan, ya bar maye da kishi da kaɗaici, ya sa waƙa da ɗaukar kai irin na qingyi a kan motsin da sai mai horon huadan zai iya. Kuskuren masu koyo a nan shi ne su yi tangaɗi na gaske. Mayen dole ya kasance a kan bugu, kowane rangaji da aka yi an auna shi. Irin wannan aiki Mei ya kai Japan a 1919, Amurka a 1930, da Tarayyar Sobiyet a 1935, inda manyan masana wasan kwaikwayo da fim irin su Stanislavski da Eisenstein da Brecht suka kalle shi. Lokacin mamayar Japan kuma ya tsayar da gashin baki don kada a tilasta masa wasa.

Mata sun fara dawowa tun ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙungiyoyin mata zalla a Shanghai, kuma bayan 1949 makarantun gwamnati suka daina ɗora yara maza a layin dan, sai ɗaiɗaiku kamar Mei Baojiu, ɗan Mei Lanfang, da ya riƙe salon gidansu har rasuwarsa a 2016. A shekarun juyin al'adu, 1966 zuwa 1976, an kawar da tsofaffin wasanni da kayansu, aka kawo mata 'yan gwagwarmaya cikin tufafin zamani. Duk da haka layukan ba su mutu ba: a wasan Hongdeng Ji, Kaka Li da muryar laodan take waƙa, jikarta Tiemei kuma horon huadan ne a ƙarƙashin jar rigarta.

Wannan rabo na jingju ne, kuma ba haka yake ko'ina ba. Kunqu na lissafa dan iri shida, har da layi na musamman na mata masu kisa ko waɗanda ake kashewa. A yueju na lardin Zhejiang, wanda ya fara karɓar 'yan mata a 1923 har suka mamaye shi, matsalar ta juya: mata ne ke fitowa a maza, kuma da yake kowa da muryar gaske yake waƙa, bambancin saurayi da budurwa ya koma kan faɗin taku, tsayin takalmi, buɗewar kafaɗa da yadda ake riƙe mafici.